Ragon Nowel a Magazar Yaya

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa a Maradi, mu ukun kuma Abijan ta haɗiye mu. Yaya ne babba. Shi ya fara zuwa a bayan motar albasa, har ya kafa magaza, wato babban shagon albasa, a kasuwar Adjamé. Ni ce ta tsakiya, ina sayar da atamfa ba nisa da shi. Sai Auta, wanda Yaya ya riƙe tun rasuwar mahaifinmu, ya sa shi lakkol, makarantar boko ke nan, ya kawo shi nan ya samo masa aiki a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Lokacin muna yara, in aka yanka kaza a gida, ƙundun da kowa ya san na babba ne Yaya yakan tura shi gaban Auta a ɓoye, ni kuwa in ci ƙafa ina hararsu. Har yau ban gama yafe wannan ba.

A can tashar jiragen ne Auta ya zama Kirista. Yadda aka yi, ni ma rabi na sani. Daga baya ya auri wata 'yar ƙabilar Bawule mai kirki, mai baki kamar rediyo, muna ce mata Tanti. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kuka har idanuna suka kumbura. Amma ciki ɗaya muka fito, don haka da zuciyata ta ɗan huce na ɗauki jakata na tsallake gada na je na ga lafiyarsa. Yaya bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Magana kawai ya daina yi masa.

To, 'yan'uwa a gari ɗaya ba sa rasa haɗuwa, ko wajen suna ko wajen jana'iza. Nan ne na zama wayar tarho. Za su tsaya kusa da juna har kafaɗa na gogar kafaɗa, sai Yaya ya dube ni ya ce, “Ki gaya wa wannan ya matsa, ya tare mini iska.”

In juya in ce, “Ya ce ka matsa.”

Auta ya ce, “Yaya Ƙarama, ki ce masa na matsa.”

Shekara goma sha wani abu ina wannan aikin, ba albashi, ba ko na gode.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwanon Nowel, bikin da 'yan Najeriya ke ce wa Kirsimeti. A Abijan kowa ya san al'adar: ranar sallarmu mu aika wa maƙwabta Kirista nama, ranar Nowel su aiko mana. Yaya yana cin na kowa. Na mai gadin magaza ya ci, na mai gyaran mota ya ci har da neman ƙari. Na ƙanensa ne kaɗai ba ya ci. Kowace shekara Auta zai ɗora mini kwano a ka, in shiga woro-woro, tasin nan na haɗin gwiwa, in sha cunkoson gada, mai yana ɗigar mini a zane, in dire gaban Yaya. Shi kuma ya ɗaga marfin da ɗan yatsa ɗaya.

Shekarar farko ya ce, “Wa ya yanka?” Na ce ban sani ba. Ya rufe.

Da shekara ta zagayo Auta ya nemo malami ya yanka masa. Yaya ya ce, “Wane malami? Malaman Treichville rabinsu masu ɗinkin katifa ne.” Ya rufe.

Sai Auta ya aiko da kifi, tunda kifi ba a yanka shi. Yaya ya juya kifin ya sake juyawa, na ce yau an kama shi. Can ya ce, “A wace tukunya aka dafa? Kin san abin da tukunyar ta taɓa gani?” Aka sayi sabuwar tukunya, sai ya koma kan muciya. Wata shekara ma ya ce azumin nafila yake yi, alhali ga goro a kumatunsa. Ni kuwa haka zan sake ɗaukar kwanon in koma Treichville da shi cike, Tanti ta tare ni a ƙofa ta ce, “Yako, ma soeur,” wato sannu, ta sauke mini. Auta yakan buɗe kwanon ya duba a hankali, ko an taɓa gefe. Ba a taɓa ba. Sai ya tambaye ni, “Bana me ya ce?” In gaya masa, ya gyaɗa kai ya ce, “To, baɗi za mu gyara wannan.”

Wata Lahadi a farkon Disamba na je gidansa da niyyar in sauke masa kwandon masifa. Na tarar ya dawo daga majami'a, yana kunna kyandir ɗaya cikin huɗun da aka jera a tebur, 'ya'yansa sun zagaye shi suna waƙa da Faransanci. Na ce, “An ɗauke wuta ne?” Ya yi dariya ya ce a'a, makonnin jira ne, kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya har Nowel ta zo.

Na ce, “Kai da jira! Ni kafin ka gama jiranka wuyana zai karye. Mutumin nan ba zai ci ba. Ka ba kanka lafiya, ka ba ni.”

Ya ce, “Yaya Ƙarama, mu a watan nan jira muke koya. Mutane sun daɗe suna jiran Almasihu, kakanni sun mutu suna jira, jikoki suka ɗora. Da ya zo kuma ba wanda ya buɗe masa ƙofa, a wurin dabbobi aka haife shi. Amma ya zo. Ni kuma shekara nawa na yi duka-duka?”

Ni Musulma ce, na san Annabi Isa a yadda aka koya mini, ban je yin gardama ba. Abin da ya kai ni daban ne, kuma dole na faɗa. Na ce masa Yaya ya gama shawara, ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, zai bar wa 'ya'yansa magaza, bayan sabuwar shekara zai koma Maradi ke nan, ba dawowa. Wannan Nowel ita ce ta ƙarshe.

Auta ya daɗe yana kallon kyandirin. Tausayinsa ya kama ni har na yi nadamar buɗe bakina. Can ya ce, “To bana ba kwano.”

Na ce alhamdu lillahi, ashe ban san abin da ke tafe ba.

Washegari da hantsi, Adjamé ta cika maƙil, gbaka, ƙananan bas ɗin haya, na ta oda, masu turin kura na ihu a ba su hanya, sai ga Auta ya ratso cikin mutane yana jan rago. Wai rago! Wata halitta ce mai ƙafafu kamar tsinken tsire, haƙarƙarinta a waje, gashin duk ya dunƙule, ido ɗaya na zubar da kwantsa. Ya ja shi har ƙofar magazar Yaya, inda dattawan albasa ke zaune a benci suna shan shayi, ya ɗaure a jikin ƙarfen rumfa. Wani yaron kasuwa ya sheƙo ya kira ni, don an san ba a yin komai tsakaninsu sai da ni.

Auta ya durƙusa ya gaida kowa, sannan ya ce, “Ki gaya wa Yaya, gidanmu na haya ba wurin ɗaure dabba. Ga ragona na Nowel. Amana ce na ba shi a gaban dattawan nan. Ranar Nowel ya kawo mini da hannunsa, ya yanka mini da hannunsa.”

Kafin in gama maimaitawa ya ɓace cikin kasuwa. Kai, yaron nan ya san yayansa! Yaya mutum ne da duk Adjamé ta san shi da riƙon amana, da shi yake taƙama, ko allura aka ba shi ajiya sai ya miƙa wa mai ita hannu da hannu. Ga shi an faɗi kalmar a gaban shaidu.

Yaya ya ce mini, “Kwance shi ki mai da masa.”

Na ce, “Kwano na ɗauka, Yaya. Rago kam sai dai ka nemi wata ƙanwar.”

Ya ce to ragon ya zauna nan ya mutu, ba ruwansa. Ya juya baya. Ragon ya yi wani ɗan kuka siriri. Na ga kunnen Yaya ya motsa. Na manta ban faɗa ba, kafin albasa Yaya kiwo ya yi, shi ke kora tumakin mahaifinmu, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga dabba a wulaƙance.

Da la'asar na leƙo na tarar da shi tsugune, da gwiwar tasa mai ciwo, yana wanke wa ragon ido da ruwan gishiri yana faɗa. “Dubi abin da ya sayo! Wannan an ce masa rago ya yarda? A gidanmu ya tashi bai san duba haƙori ba? Ki gaya masa an cuce shi.” Kafin mako ya ƙare ya sa direbobin albasa sun taho masa da harawa da kanwa tun daga Nijar. Dusar Adjamé ya ce ƙasa ce zalla, sai da ya tankaɗe ta da rariyar matarsa, aka yi rigima a gida. Ran Juma'a ya yi wa ragon wanka da sabulu mai ƙamshi kafin shi kansa ya yi.

Dattawan benci suka samu abin yi. Wannan ya ce, “Alhaji, yaya baƙon Nowel?” Wancan ya ce, “Alhaji, in zai tafi majami'a ran Lahadi kai za ka raka shi?” Yaya ya ce dabba ba ta da addinin da ya wuce tasbihin Ubangijinta, su je su yi karatu. Ragon kuwa ya murmure, ya yi gashi, ya yi wuya, ya fara nuna hali. Ya cinye igiyar sikeli. Ya tunkuyi wata mai sayen albasa daga baya tana cikin neman ragi, Yaya ya ce ita ta tsokane shi. Ya kuma koyi wata ɗabi'a: duk inda Yaya ya zauna sai ya zo ya cusa hanci a aljihun rigarsa, don a nan gyaɗa take. In Yaya ya tafi masallaci ragon ya yi ta kuka har ya dawo. In ya dawo sai ya ce, “To, to, na ji, ga ni.” Mutumin da ya yi shekaru bai ce wa ƙanensa uffan ba, ga shi yana hira da ragon ƙanen daga safe har yamma. Na taɓa ji yana ce masa, “Kai ma kamar mai gidanka kake, ba ka jin magana,” yana sosa masa ƙeya.

Duk Lahadi in na je Treichville, Auta ya ƙara kunna kyandir ya tambaye ni labari. Na ce masa, “Ragonka ya fi ka gata.” Ya ce ba komai, a bar shi ya ci. Ni da matar Yaya kuma muka ƙulla namu: ana gobe Nowel na sulale da babbar tukunyarta da muciyarta da ludayinta na kai wa Tanti.

Ran Nowel da safe Yaya ya sa farar riga, ya ce amana zai mayar, ba biki zai je ba, in ma ina tunanin wani abu in daina. Mai woro-woro ya ce rago a but zai shiga, wurin kaya a bayan mota. Yaya ya ce shi direban ya shiga but ɗin. Ƙarshe dai muka ɗauki motar gaba ɗaya, ni a gaba, Yaya da rago a baya, ragon ya leƙo da kai ta taga yana kallon ruwa muna tsallake gada. Wannan ne karon farko da Yaya ya taka unguwar ƙanensa tun da abin ya faru.

Gidan irin na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. An dawo daga majami'a, kowa da sabon anko, yara da hulunan takarda masu ƙyalli, kiɗa na tashi daga ɗaki uku lokaci guda, kowanne da nasa. Da aka ga Alhaji da rago sai aka kashe kiɗan. Auta ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa. An riga an haƙa ɗan rami a gindin bango, an wasa wuƙa, Tanti ta jera roba da tire, ta yanka albasa tuli.

Yaya ya ce, “Ki gaya masa ga amanarsa.”

Auta ya ce, “Ki ce masa na gode. Saura rabin.”

Yaya ya naɗe hannun riga. Wannan mutum ne da ya yanka ragunan layya da ba su ƙirguwa, nasa da na maƙwabta. Ya karɓi wuƙa, ya gwada ta a farce, ya tambayi gabas aka nuna masa. Samari biyu suka matso za su kayar da ragon. Shi kuwa ragon, bawan Allah, ya ga Yaya ya tsuguna, sai ya tako a hankali ya cusa hanci a aljihunsa.

Yaya ya tsaya. Ya ture shi, ragon ya dawo. Ya sake turewa, ya sake dawowa, har ya samo gyaɗar ya hau tauna.

“Ki gaya masa,” in ji Yaya, “wuƙar nan ba ta da kaifi.”

Na ce, “Yanzu ka aske farce da ita.”

“To ki gaya masa ragon bai isa yanka ba.”

Jama'a, ragon nan ya kusa kai ɗan maraƙi! Wata tsohuwa ta tambayi abin da Alhaji ya ce, aka fassara mata, ta fashe da dariya har tana riƙe bango. Tanti ta ɗora hannu a ka ta ce, “Eh, Seigneur! Albasata!” Yaya ya ce ramin ma bai yi zurfi ba, rana kuma ta yi zafi, naman zai lalace. Gumi ya jiƙa masa hula. Ban taɓa ganin yayana a irin wannan hali ba, dariya na cina, tausayi na cina.

Auta ya matso ya zare wuƙar daga hannunsa a hankali. Ya ce, “Ki gaya wa Yaya na bar masa. Ragon nasa ne, ya tafi da shi Maradi. Yau a wurinmu ranar haihuwar Mai Fansa ce, in rago ya tsira a gidana ban yi asara ba. Ni dama ba nama nake nema ba.”

Ban maimaita ba, don na ga ya ji.

Sai dai fa Yaya ya shiga wata sabuwar kunya: ya hana gida guda naman biki, ga baƙi sun fara zuwa. Ya ce in tambaya ko akwai kaji. Akwai mana, wane gida ne a Treichville ba kaza ran Nowel? Tanti ta fito da nata guda biyu, ya yi bisimilla ya yanka. Da maƙwabta suka ga haka sai kowa ya ruga ɗaki. “Alaji, nawa ma! Alaji, pardon, ga nawa!” Su ma suna da abokai Musulmi da za su aika wa, ga mai yanka ya zo har gida kyauta. Aka yi layi. Har daga gidan gaba aka riƙa shigowa da zakaru a hammata. Farar rigar Yaya ta tashi daga aiki, gashin kaza har a gemunsa, yana ta faɗa wai ba su iya riƙe fiffike ba. Ragon na ɗaure a inuwa yana cin ɓawon ayaba.

Kafin a gama, azahar ta yi. Auta da kansa ya kawo buta da sabuwar tabarma ya shimfiɗa a ɗakinsa, ya nuna mini gabas in nuna wa Yaya. Da muka sallame, abinci ya sauka. Yaya ya miƙe yana neman takalmi, ya ce in kwanto rago mu tafi. Na ce ba inda za ni da yunwa, shekara goma sha wani abu ina jin ƙamshin abincin nan a kaina, yau sai na ci shi a zaune. Ya rasa yadda zai yi, ya zauna a bakin tabarma.

Aka ajiye kwano a gabansa. Ya ɗaga marfin da ɗan yatsa ɗaya, kamar kullum.

“Wa ya yanka?”

Na ce, “Kai.”

Ya leƙa miyar. “A wace tukunya?”

“Ta matarka. Da muciyarta, da ludayinta. In kana so in kira ta a waya.”

Ya dubi kwanon, ya dubi ƙofa, ya taɓa kumatunsa, ba goro ba azumi. Auta na tsaye a jikin bango, hannayensa a baya, kyandirori huɗun nan duk suna ci a kan tebur da rana tsaka. Ko numfashi ban ji yana yi ba. Tanti ma, wadda ban taɓa jin ta yi shiru ba, ta leƙo daga labule baki a rufe.

Yaya ya wanke hannu. Ya ce bisimilla, ya kai loma. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya ƙara. Sannan ya sa yatsa cikin miyar yana lalube, ya ciro ƙundun, ya tura shi ɗaya gefen kwanon, wajen da ba kowa.

Bai dube ni ba. Ya ɗaga kai ya ce, “Kai Auta, ka tsaya mini a ka kamar ɗan sanda. Zauna ka ci, zai huce.”

Ni kuwa da sabo, na juya na buɗe baki na ce, “Ya ce ka…”

Auta ya ce, “Na ji, Yaya Ƙarama.” Hawaye na bin fuskarsa har cikin kwalar riga, yana ƙoƙarin naɗe hannu ya kasa. “Na ji shi.”